Makon farko na damina a Maiwurno: yadda hadari, laka da kogi ke juya rayuwar Hausawan Jazira da Shuɗin Nilu

Tsakanin tsakiyar watan Yuni da farkon Yuli, akwai wani mako da kan zo wa ƙauyukan Hausawa na jihohin Jazira, Sinnar da Shuɗin Nilu a ƙasar Sudan. A cikinsa iska ke juyawa, ƙura ta tashi, ruwa ya sauko, hanya ta yanke. Ruwan da ake samu a makon kaɗan ne idan aka gwada shi da na watan Agusta. Amma a waɗannan kwanaki ne magidanci ke gane ko yaɓen ɗakinsa zai riƙe, manomi kuma ke yanke shawarar ko ya zuba irin da ya rage masa a ƙasa ko ya ƙara jira. Kuskure a wannan gaɓa na iya cinye amfanin shekara guda.

Ga mai karatu na Maraɗi, Damagaram, Katsina ko Kano, abubuwa da yawa a wannan mako ba baƙi ba ne, domin damina ɗaya ce ke ratsa yankin Sahel daga yamma zuwa gabas. Abin da ya bambanta shi ne irin ƙasar da ruwan ke sauka a kai, da kogin da ke gefe, da kuma yaƙin da ya raunana kusan duk abin da mutane ke dogaro da shi.

Garin da mutanensa

Maiwurno na bakin kogin Shuɗin Nilu, wanda Larabawa ke kira Nilul Azraƙ, kimanin kilomita 15 kudu da birnin Sinnar. Sunan ya samo asali daga Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya. Bayan da sojojin Ingila suka kashe Attahiru a yaƙin Burmi a watan Yulin 1903, ɗan nasa ya ci gaba da hijira zuwa gabas tare da jama'ar da ta rage, har suka sauka a bakin wannan kogi a wajen 1906. Daga baya ƙauyukan Hausawa da Fulani suka yaɗu a gefen kogin, daga kusa da Wad Madani har zuwa Sinja, Rusairis da Damazin. Wasu jikokin masu hijira ne, wasu kuma jikokin alhazan da suka bi hanyar Makka a ƙasa, suka tsaya neman guzuri, zama ya kama su.

A 1925 aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe babban aikin noman rani na Jazira, wanda da ƙarin yankin Managil ya kai kimanin fadan miliyan 2. Fadan shi ne ma'aunin gona a Sudan, kuma ɗaya daidai yake da murabba'in mita 4,200. Auduga na bukatar hannu, don haka mutanen yamma suka zama ƙashin bayan ƙwadago a wurin. Da yawansu ba a ba su hawasha ba, wato rabon gona a cikin aikin. Sai suka zauna a matsugunan 'yan ƙwadago da ake kira kambo, jam'insu kanabi, galibi a bakin magudanar ruwa. Wannan tarihi na da alaƙa da damina kai tsaye, domin shi ya ƙayyade wanda ke kan tudu da wanda ke cikin kwari ranar da ruwa ya taru.

Kwanakin farko: iska ta juya

A watan Mayu zafi a Wad Madani da Sinnar kan wuce digiri 40 kusan kullum. Iskar da ke kaɗawa busasshiya ce daga arewa. Alamar farko ta canji ita ce juyawar iskar zuwa kudu maso yamma, da wani irin gumi da ke hana barci ko an fitar da angarib, gadon igiya na Sudan, zuwa tsakar gida.

Abin da ke faruwa a sama shi ne karon iska biyu. Ɗaya busasshiya daga hamada, ɗayar mai laima daga wajen tekun Atlantika da dazuzzukan Kwango. Layin da suke haɗuwa na bin rana zuwa arewa daga watan Afrilu, ya kai iyakarsa a Agusta, sannan ya koma kudu. Damina na bayan wannan layi. Shi ya sa take fara isa Damazin, sannan Sinja da Maiwurno, sannan Wad Madani, Khartum kuma a ƙarshe.

Idan aka duba taswira, Maiwurno da Maraɗi kusan suna kan layi ɗaya, haka Damazin da Kano. Ruwan shekara ma na bin wannan tsari: Damazin kan samu kimanin milimita 700, Sinnar 400 da ɗoriya, Wad Madani 300 da ɗoriya, Khartum kuma ƙasa da 200. Tafiyar kilomita ɗari biyu zuwa kudu na iya ninka ruwan da manomi ke samu.

Mutanen Sudan na kiran damina kharif, ruwan farko mai zuwa jefi-jefi kuma rushash. Sun raba lokacin zuwa kashi-kashi na kwana 13 da suke kira ina, bisa taurarin da malaman ƙasar Hausa ma ke lissafi da su. Taurari 28 ne, kowane kwana 13, sai Jabha mai 14, jimilla 365. Haƙ'a da Han'a su ne ke rufe lokacin rushash, kuma manoman Sudan na yi musu laƙabi da sanda mai ƙishirwa da sanda da ta sha ta ƙoshi. Kharif na sosai na farawa da tauraron da suke kira Dura'a, wato Zira'a, a wajen 9 ga Yuli. Sai Natra, wadda Hausawa ke kira Nasara, a wajen 22 ga Yuli, sannan Ɗarfa da Jabha a cikin Agusta, lokacin marka. Makon da ake magana a kai yakan faɗo ne a cikin sandunan nan biyu, lokacin da ba a tabbatar ko damina ta zauna ba.

Habub, hadarin ƙasa

Sau da yawa abin da ke fara isowa ƙura ce. Da la'asar sai a hango wani jan bango daga gabas ko kudu maso gabas, tsayinsa na iya kai mita 1,000 ko fiye, yana tafiya kamar dutse ya tashi. Cikin 'yan mintoci rana ta ɓace, kaji su shiga akurki, mutum bai iya ganin katangar maƙwabcinsa. Wannan shi ne habub, daga kalmar Larabci mai nufin kaɗawar iska. A ƙasar Hausa hadarin ƙasa ake ce masa, ko jan hadari.

Yadda yake haɗuwa ba shi da wuyar fahimta. Gajimaren hadari ya yi tsiri a sama ya fara zubar da ruwa, amma iskar da ke ƙarƙashinsa busasshiya ce ƙwarai, don haka ruwan ke bushewa kafin ya kai ƙasa. Bushewar na sanyaya iskar, iska mai sanyi kuma ta fi nauyi, sai ta faɗo da ƙarfi, ta bugi ƙasa, ta bazu a gaban hadarin tana kwasar ƙurar gonakin da suka yi wata takwas ba su ga ruwa ba. Shi ya sa habub ya fi yawa a farkon damina. Da zarar ƙasa ta jiƙe ciyawa ta fito, sai ya ragu.

Sudan ce ta ba duniya wannan suna. Wani masanin yanayi ɗan Ingila, L. J. Sutton, ya wallafa bincike a kan habub na Khartum a 1925, inda akan samu kimanin 24 a shekara. Yau har a jihar Arizona ta Amurka da wannan suna ake kiran irin wannan guguwa.

Ɓarnar habub a ƙauye ta rufi ce. Kwanon da ba a daddanne ba ya tashi, ya zama wuƙa a cikin iska. Jinkar guɗɗiyya, ɗakin ciyawa mai zagaye, na iya kifewa, rakuba kuma, wato rumfa, ita ce ta farkon tafiya. Rassan dalbejiya na karyewa kan wayoyin lantarki. Masu asma da tsofaffi da jarirai su suka fi wahala, kuma abin da ya fi taimako shi ne a shige ɗaki, a rufe hanci da jiƙaƙƙen ƙyalle, a rufe randa da abinci. Direban da habub ya riske a kan titin Sinnar zuwa Sinja, abin da ya fi masa shi ne ya sauka daga kwalta gaba ɗaya ya tsaya.

Wani lokaci ƙurar ce kawai, ta wuce ta bar sanyi da ƙamshin ruwan da ya sauka wani wuri. Wani lokaci kuma ruwan na biye da ita, digon farko ya zo ja, gauraye da ƙasa.

Tsakiyar mako: ruwa a kan baƙar laka

Nan ne Jazira ta rabu da yawancin ƙasar Hausa. Gonar Maraɗi ko Katsina jigawa ce, tana shanye ruwa nan take, washegari a shiga da sungumi. Ƙasar da ke tsakanin koguna biyu na Nilu kuwa baƙar laka ce, fiye da rabinta yumɓu, irin wadda mutanen Barno ke kira firgi. Da rani takan dare, tsagar ta yi zurfin da hannu ke shigewa. Ruwan farko na bin tsagogin nan ya ɓace, har mutum ya ɗauka ba a yi komai ba. Ruwa na biyu ko na uku ne ke sa lakar ta kumbura, tsagogin su rufe. Daga nan ƙasa ta daina sha, duk abin da ya sauko sai ya kwanta a sama.

Ga shi kuma filin a shimfiɗe yake kamar faifai. Gangarensa bai wuce kimanin santimita 15 a kowace kilomita ba. Wannan shi ya sa aka iya shayar da fadan miliyan 2 ba tare da injin turo ruwa ba, kuma shi ne ke sa ruwan sama ya rasa inda zai nufa. Milimita ɗaya na ruwan sama na nufin lita ɗaya a kan kowane murabba'in mita. Hadarin dare ɗaya mai milimita 40 na zuba lita 168,000 a kan fadan guda. Idan magudanar da za ta kwashe shi ta cike da laka da ciyawa, cikin gari zai shiga.

Yawancin gidajen ƙauye na jalus ne, wato ginin ƙasa da ake ɗorawa sahu-sahu, ko na jan bulo da aka haɗa da laka. Kafin damina akan yi musu yaɓe da zibala, cakuɗen kashin dabbobi da ƙasa da aka bari ya ruɓa, a gyara sabaloka, wato indararo. Katangar ƙasa na jure ruwan da ya doke ta ya wuce. Abin da ke kayar da ita shi ne ruwan da ya kwanta a gindinta kwana biyu ko uku, ya jiƙa tushe, lakar ƙarƙashi ta kumbura ta motsa ginin. Shi ya sa gidaje kan faɗi bayan an ɗauke ruwa, sau da yawa cikin dare. Sabuwar tsaga a bango, ƙofar da ta ƙi rufuwa, ko ƙasa da ke zubowa daga azara, duk alamu ne na a kwashe yara a kwana a waje. Aikin da ya fi kowane amfani a wannan mako shi ne na fatanya da shebur: a tona lambatu daga tsakar gida zuwa waje, a tara ƙasa a gindin katanga. Unguwa kan yi shi da gayya, wadda a Sudan ake kira nafir, domin ruwan da aka kora daga wani gida gidan maƙwabci zai shiga idan ba a haɗa hannu ba.

Hadarin kan zo da tsawa mai ƙarfi, kuma a fili marar tudu mutum ko bishiya ɗaya tilo su ne mafi tsayi. Ƙara na tafiyar kilomita ɗaya cikin daƙiƙa 3, don haka idan tsakanin walƙiya da cida bai kai daƙiƙa 30 ba, hadarin na cikin kilomita 10. Manomi da makiyayi da masunci su bar fili da ruwa, kada su fake a gindin bishiya, su kuma jira rabin sa'a bayan tsawar ƙarshe.

Hanya ta yanke

Titin kwalta da ya taso daga Khartum ya bi ta Wad Madani, Sinnar da Sinja zuwa Damazin shi ne jijiyar yankin. Duk ƙauyen da ke nesa da shi, hanyarsa ta laka ce. Bayan ruwa mai ƙarfi mota ba ta shiga, babur ba ya tafiya, takalmi kansa sai ya ɗauki laka har ya gagari ɗagawa. Abin da ke motsi sai tarakta da jaki, wani lokaci da karo, amalanken da jaki ke ja. Kogunan Dindir da Rahad, waɗanda ke bushewa su bar tafkuna da rani, na dawowa da gudu daga tsaunukan Habasha, ƙoramu kuma su cika cikin sa'o'i.

Sakamakon na bayyana a kasuwa da asibiti. Mai tumatir da mai kifi ba su iya kai kaya Sinnar, sai farashi ya faɗi a ƙauye ya tashi a birni. Sukari, mai da sabulu kuwa su yi tsada a ƙauye. Mace mai naƙuda ko yaron da maciji ya sara, tafiyar rabin sa'a na iya zame musu ta yini. Ga macizai da kunamu na fitowa daidai wannan lokaci, domin ruwa ya kore su daga tsagogin ƙasa. Saboda haka gidajen da ke da hali kan sayi dawa, gawayi da magani tun kafin ruwan farko, wasu kuma su kai mai tsohon ciki wurin 'yan'uwa a garin da ke bakin kwalta.

A shuka ko a jira

Wannan ita ce babbar tambayar makon. Noma iri uku ne a yankin, kuma kowane da yadda ruwan farko ke shafarsa.

Na farko shi ne na cikin aikin Jazira, inda ake shuka gyaɗa a Yuni, dawa daga ƙarshen Yuni zuwa Yuli, auduga kuma bayansu. Ruwa na zuwa daga madatsar Sinnar ta manyan magudanai zuwa ƙanana, har ya kai wadda ake kira Abu Ishirin da ke shiga gonaki. A nan matsalar ruwan sama ita ce ya riga tarakta: idan laka ta jiƙe kafin a yi huɗa, sai a jira ta sha iska, shuka ta makara.

Na biyu shi ne noman damina zalla, ko dai ƙananan gonakin gida da ake kira bildat, ko manyan gonakin tarakta na Dali da Mazmum a jihar Sinnar da na Agadi a Shuɗin Nilu, inda ake noma dawa da riɗi. Mai bildat na shuka da saluka, sandar da ake takawa da ƙafa ta huda ƙasa, yana kuma tayar da kunya a gefen gona don ta tare ruwa. Shi ne ya fi kowa shiga tsaka mai wuya. Idan ya shuka da ruwan rushash, iri ya tsiro, sannan aka yi kwana goma ba ruwa cikin zafin digiri 38, tsiron ya ƙone, iri ya tafi. Idan ya jira har ƙarshen Yuli, laka na iya hana shi shiga gona, ciyawa ta riga shi, damina kuma ta ɗauke kafin dawa ta nuna.

Akwai ma'aunin da ya fito daga Nijar wanda ke taimakawa a nan. A 1988 wani masani na cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai, M. V. K. Sivakumar, ya bayyana faɗuwar damina da cewa ita ce ranar da aka tara milimita 20 cikin kwana 3 a jere, ba tare da an samu fari na fiye da kwana 7 a cikin kwana 30 masu biyowa ba. Rabin farko na ma'aunin kowa na iya aunawa da gwangwani mai miƙaƙƙen baki da abin awo: zurfin santimita 2 shi ne milimita 20. Rabi na biyu kuwa sai hasashe. Cibiyar ICPAC ta ƙungiyar IGAD da ke Nairobi na fitar da hasashen damina na Yuni zuwa Satumba a kowane watan Mayu, kamar yadda AGRHYMET ke yi a Yamai domin Afirka ta Yamma. An yi ma'aunin Sadore ne a kan jigawa. Baƙar laka na bukatar ruwa fiye da haka kafin ta jiƙe, amma idan ta sha takan riƙe laima ta daɗe. Don haka tsofaffin manoma ke tona rami su ga inda laima ta kai kafin su taɓa iri, su kuma raba irin kashi biyu, kada a zuba shi duka a rana ɗaya.

Na uku shi ne noman jarf, wato gaɓar kogi da tsibirai, inda Hausawa suka yi suna wajen kayan lambu, tare da su a cikin kogin. Mai jarf ba sama yake kallo ba a wannan mako, kogi yake kallo, domin dole ya kwashe amfaninsa da injin ban-ruwansa kafin ruwa ya hau.

Kogin da ke cika da ruwan wata ƙasa

Shuɗin Nilu na fitowa daga tafkin Tana a Habasha, kuma shi ke kawo fiye da rabin ruwan da ke isa Masar. Yana fara hawa a Yuni, ya rine ya koma ja saboda ƙasar tsaunuka, ya kai ƙololuwa a ƙarshen Agusta ko farkon Satumba. Ma'ana, ambaliya iri biyu ce ke barazana ga ƙauyukan: ta ruwan sama da ya rasa mafita, da ta kogi, wadda kan zo ko da sama tana tas.

An ga duka biyun a 'yan shekarun nan. A ƙarshen Yulin 2020 madatsar ƙasa ta garin But a jihar Shuɗin Nilu ta fashe ta rushe ɗaruruwan gidaje. A Satumbar shekarar kogin ya haura mita 17 da rabi a Khartum, abin da ya zarce na 1946 da 1988, gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci ta wata 3, kuma jihar Sinnar na cikin waɗanda suka fi shan wahala. A Agustan 2022 kuma ruwan sama ne ya mamaye Managil da ƙauyukanta a tsakiyar Jazira, nesa da kogi, inda toshewar magudanai ta ƙara tsananta lamarin.

Yanzu madatsu uku ne ke kan kogin: ta Sinnar, ta Rusairis da aka gama a 1966 aka ƙara mata tsayi a 2013, da babbar madatsar Habasha mai ɗaukar ruwa kubik mita biliyan 74, wadda aka fara cikawa a Yulin 2020 aka kuma ƙaddamar a Satumbar 2025. Tana rage tsananin cikar kogi, tana kuma riƙe yawancin lakar da a da ke sabunta gonakin jarf, wadda masu yin jan bulo ma ke dogaro da ita. Hawan kogi da saukarsa yanzu sun danganta da lokacin da aka buɗe ƙofofin madatsa, don haka lissafin da masunci ya gada daga kakansa bai isa shi kaɗai ba, sai ya haɗa da sanarwar ma'aikatar ban-ruwa.

Ƙarshen mako: abin da ruwa ya bari

Idan hadari ya lafa, gari kan yi kyau. Zafi ya sauka, ciyawa ta fara leƙowa, dabbobin da suka rame su samu abin tsinka. A cikin kududdufan da suka rage kuma wani lissafin ya fara. A irin wannan ɗumi, ƙwan sauro na zama sauro mai tashi cikin kwana 7 zuwa 10, zazzaɓin cizon sauro kuma kan bayyana kwana 10 zuwa 15 bayan cizo. Wato ruwan wannan mako shi ne zazzaɓin wata mai zuwa. Gidan sauro da cike ramuka tun yanzu sun fi araha a kan magani a watan Agusta.

Haɗari na biyu na ruwan sha ne. Masai na cika ya tumbatsa, ruwan ya gangara rijiya ko magudana, ga kanabi da yawa daga magudanar suke ɗiba, wadda dama ke ɗauke da tsargiya. Sudan ta ayyana ɓarkewar kwalara a Agustan 2024, cutar kuma ta kai jihohin Jazira da Sinnar. Tafasa ruwa ko sa masa sinadarin kulorin shi ne kariya. Wanda gudawa ta kama a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take, lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a kuma nemi asibiti ba tare da jira ba.

Damina a cikin yaƙi

Duk wannan na faruwa ne a yankin da bai gama farfaɗowa ba. A Yulin 2022, daidai lokacin shuka, rikicin ƙasa tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun jihar Shuɗin Nilu ya kashe fiye da mutum 100, ya sake ɓarkewa a Oktoba a yankin Wad al-Mahi, dubban iyalai suka bar gonakinsu. A 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya tashi tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF. RSF ta kama Wad Madani a Disambar 2023, ta kama Sinja a ƙarshen Yunin 2024, farkon damina ke nan, mutane suka gudu a ƙafa cikin laka da ruwa. Sojoji sun karɓe Sinja a Nuwambar 2024, Wad Madani kuma a Janairun 2025.

Waɗanda suka koma sun tarar da gidajen ƙasa da suka yi damina ɗaya ko biyu ba yaɓe, magudanan da ba a yashe ba, taraktoci da injinan ban-ruwa da aka sace, da rumbunan da aka kwashe. Hatta ma'ajiyar irin shuka ta hukumar binciken noma da ke Wad Madani ba ta tsira ba. Manomin da a da zai iya sake shuka idan ta farko ta ƙone, yanzu sau da yawa iri ɗaya gare shi, na bashi ne ma.

Wannan na da amfani ga dangin da ke Kano, Damagaram, Jidda ko wani wuri masu aika taimako gida. Kuɗin da ya isa a watan Mayu ko farkon Yuni na sayen iri, ya biya mai yaɓe, ya sayi gidan sauro, ya ajiye buhun dawa kafin hanya ta rufe. Irin wannan kuɗi idan ya isa a Agusta, magani da gyaran bangon da ya riga ya faɗi zai tafi, a farashin da laka ta ninka.